Ƙaddara da Zalunci a Tarihin Zamfara

Wanda ya bar Gusau ya nufi arewa, in ya yi tafiyar mil talatin da ɗoriya sai ya iso Ƙaura Namoda, a bakin gulbin Gagare, inda hanyar jirgin ƙasa ta tsaya tun shekarar 1929. Daga nan hanya ta rabu biyu, ɗaya ta yi arewa maso gabas zuwa Zurmi, ɗaya ta miƙe arewa zuwa Shinkafi. Ƙasa ce mai albarka, ta gero da dawa da gyaɗa da auduga da shanu. Amma kuma ƙasa ce wadda ta sha wuya, gama cikin shekara ɗari biyu da sittin da suka wuce ta ga rushewar birane, ta ga yaƙi, ta ga yunwa, ta ga masu ɗauke mutane don neman fansa.

Duk sa'ad da irin wannan ta auku, mutane su kan taru gidan wanda abin ya shafa, su ce masa ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Shi kuwa ya amsa da godiya. Amma bayan an watse, wata tambaya ta kan zo masa a zuci, wadda ya ke jin tsoron furtawa: in Allah ne ya ƙaddara wannan, to, alhakin yana wuyan wa? Shin Allah, tsarki ya tabbata gare shi, yana iya yin zalunci ko saɓo? Tambayar ba sabuwa ba ce. Malamai sun fi shekara dubu da ɗari biyu suna dubanta, ba su guje ta ba, kuma amsar da suka bayar ta yi aiki a wannan ƙasa tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Inda gardamar ta faro

Sarakunan Banu Umayya sun yi mulkin Musulmi daga birnin Dimashƙu tsakanin shekarar 661 da 750. A zamaninsu waɗansu masu iko suka riƙa fakewa da ƙaddara. In sun karɓe dukiyar mutum, ko sun zub da jini, sai a ce haka Allah ya hukunta, wanda ya yi magana kuwa yana jayayya da Allah ke nan. Wannan ya ɓata wa waɗansu malamai rai. Wani mutumin Basra mai suna Ma'abad al-Juhani ya tashi ya ce ɗan Adam ne ke yin aikinsa da kansa, ba a ƙaddara masa ba. Aka kashe shi wajen shekarar 699. Bayansa aka kashe Gailan na Dimashƙu a zamanin Halifa Hisham, shi ma yana kan wannan ra'ayi. Watau tun farkonta gardamar tana ɗaure da sha'anin mulki. Waɗannan mutane sun so su tsare Allah daga a jingina masa laifin sarakuna, sai suka zarce har suka ƙi ƙaddara.

Daga cikin almajiran Hasanul Basari aka sami Wasilu ɗan Aɗa'u, wanda ya rasu a shekarar 748, shi ne a ke ƙirgawa mafarin ƙungiyar Mu'utazilawa. Su suna kiran kansu mutanen adalci da tauhidi. Suka ce hankali kaɗai ya isa ya gane kyakkyawa da mummuna, kuma Allah ba ya halittar mugun aikin bawa, kuma wajibi ne a kansa ya yi wa bayinsa abin da ya fi musu amfani. Da aka tambaye su ko Allah na da ikon yin zalunci, sai suka rabu. Abul Huzaili ya ce yana da iko, amma ba ya yi saboda hikimarsa. Almajirinsa Nazzamu ya ce a'a, ba a ma siffanta shi da ikon yin zalunci. Tun kafin su, wajen shekara ɗari huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, wani masanin Yunanawa mai suna Aflatun ya rubuta tambaya mai kama da wannan, watau ko abu ya zama mai kyau ne don an yi umurni da shi, ko kuwa an yi umurni da shi ne don yana da kyau.

Labarin 'yan'uwa uku

Abul Hasan al-Ash'ari, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 873, ya tashi a hannun Jubba'i, shugaban Mu'utazilawan garin, ya zauna tare da su har ya kai kamar shekara arba'in. An ruwaito cewa wata rana ya kawo wa malaminsa mas'alar 'yan'uwa uku. Na fari ya girma yana mai ɗa'a, na biyu ya girma yana mai saɓo, na uku ya mutu yana yaro. Malamin ya ce na fari yana da daraja a Aljanna, na biyu yana wuta, yaron kuwa ya tsira amma ba shi da darajar wansa. Ash'ari ya ce, to, in yaron ya tambayi Ubangijinsa don me bai bar shi ya girma ya yi aiki ya sami daraja ba fa? Malamin ya ce za a gaya masa an san in ya girma zai yi saɓo, don haka mutuwa da wuri ta fi masa amfani. Ash'ari ya ce, in na biyu ya ɗaga murya daga cikin wuta ya ce shi don me ba a kashe shi yana yaro ba fa? Malamin ya rasa ta cewa.

Wajen shekarar 912 Ash'ari ya hau mumbari a masallacin Basra ya shaida wa jama'a ya bar tafarkin Mu'utazilawa. Abin da ya koyar daga nan har rasuwarsa a Bagadaza wajen 935 shi ne cewa ba wanda ya isa ya ɗora wa Allah wajibi. Ya ce a fara sanin ma'anar kalmomin tukuna. Saɓo shi ne ƙin bin umurnin wanda ke bisanka, ba kuwa kowa bisa Allah. Zalunci shi ne taɓa abin da ba naka ba, ko ƙetare iyakar da aka yi maka, alhali ba abin da ke wajen mulkin Allah, ba kuma mai yi masa iyaka. Saboda haka zalunci da saɓo ba su da hanyar da za su bi su isa gare shi.

Waɗansu manyan malamai ba su tsaya nan ba. Maturidi na Samarƙandu, wanda ya rasu a 944, ya ƙarfafa zancen hikima, ya ce aikin wauta da ɓarna ba ya fitowa daga Mai hikima. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ce zalunci shi ne sa abu inda ba muhallinsa ba, kamar a ɗora wa wani laifin wani, ko a tauye ladan mai aiki. Ya ce Allah mai iko ne, amma ya haramta wa kansa wannan, kamar yadda ya zo cikin hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri, kuma a ganinsa yabo ya fi cika ga wanda ya bar abu yana da iko a kansa. Cikin malaman Nasara kuma, Toma Akwinas na ƙasar Italiya, wanda ya rasu a 1274, ya ce yin zunubi gazawa ce, don haka rashin yinsa ba ya rage kome daga ikon Mai iko duka. Mai karatu zai lura hanyoyin sun bambanta, amma duk sun tsaya a kan cewa Allah bai taɓa zaluntar kowa ba, ba kuwa zai yi ba.

Yadda amsar ta iso ƙasar Hausa

Tafarkin Ash'ari ne ya bazu a Magariba tare da mazhabar Maliku, daga can ya biyo ayari ya ƙetaro Hamada. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan wanda ya rasu a 996, ya fara da babin aƙida, inda aka koyar da imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta. Sa'an nan Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya rubuta ɗan ƙaramin littafin nan Ummul Barahina. Shi ne tushen siffofi ashirin da almajirai ke haddacewa a zaurukan malamai, tun suna karanta Ƙawa'idi kafin su kai ga Ahalari da Ishmawi.

Sanusi ya kasa hukuncin hankali kashi uku. Akwai wajibi, watau abin da hankali ba ya karɓar rashinsa. Akwai mustahili, watau abin da hankali ba ya karɓar samuwarsa, kamar a ce ɓarin ƙwarya ya fi ƙwaryar duka girma. Akwai ja'izi, watau abin da zai yiwu ya kasance, zai yiwu kuma ya ƙi kasancewa, kamar saukar ruwa gobe. Malaman wannan tafarki suka ce ikon Allah yana rataya ne ga ja'izi. In aka ce wa maƙeri ya ƙera lauje wanda ya ke miƙaƙƙe sak kuma lanƙwasasshe a lokaci guda, bai ƙera ba, ba za a ce ya kasa ba, maganar ce ba ta da kai. Haka tambayar ko Allah zai iya yin ƙarya ko zalunci, gama waɗannan tawaya ce, tawaya kuwa mustahili ce gare shi.

Akwai wani bayani mai sauƙi da a kan ƙara. A duba abin da ke sa ɗan Adam zalunci. Mai unguwa ya kan ƙara wa talaka kuɗin haraji don yana da bukata. Alƙali ya kan karkata hukunci don bai sani ba, ko don ya ci hanci, ko don yana tsoron wani babba. Jarumi ya kan kashe wanda bai ji ba bai gani ba don fushi ya rinjaye shi. Bukata da jahilci da tsoro da rinjayuwa su ne iyayen zalunci, siffofin nan ashirin kuwa sun kore su duka, domin a cikinsu akwai wadatuwa da kai, da sani, da iko.

Saura batun mugun aikin da mutane ke yi. A nan malamai suka raba nufi da umurni. Suka ce ba abin da ke aukuwa cikin mulkin Allah ba da nufinsa ba, amma ba duk abin da ya nufa ne ya yi umurni da shi ko ya yarda da shi ba. Ya hana kisankai, ya yi alkawarin azaba a kansa, ya kuma bar wa bawa zaɓi don jarrabawa. Rabon bawa cikin aikinsa shi a ke kira kasbu, wanda malamai ke fassarawa da tsiwirwiri. Kowa ya san bambancin hannun da zazzaɓi ke kaɗawa da hannun da mai shi ya ɗaga don ya mari wani. Na fari ba a tambayar mai shi, na biyu ana tambayarsa. A kan wannan bambanci shari'a ta tsaya, da alƙali da kurkuku da hisabin Lahira.

Shehu a ƙasar Zamfara

Wajen shekarar 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, wanda kangonsa ke kusa da Isa, ba nisa da Shinkafi. Gobirawa dai baƙi ne da Zamfarawa suka saukar a ƙasarsu, har an ce Alƙalawa, birnin da Babari ya gina, ta samo sunanta daga gonar alƙalin Zamfara. Baƙo ya kori mai gida. Zuriyar sarakunan Zamfara suka watsu, suka zauna Kiyawa da Banga, duka a kewayen inda Ƙaura Namoda ta ke yanzu, daga baya suka tare a Anka. Talakawa suka koma ƙarƙashin Gobir da harajinta da yaƙe-yaƙenta.

Cikin wannan hali Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya shigo Zamfara wajen shekarar 1786 tare da ƙanensa Abdullahi, suka yi kamar shekara biyar suna wa'azi, mazauninsu mafi shahara shi ne Faru. Maza da mata suna zuwa majalisinsa, yana yi musu bayani da harshen da su ke ji. Ɗansa Muhammadu Bello ya bayyana cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, cewa Shehu ya kan fara koyarwa da tushen addini, watau abin da ya wajaba ga Allah da abin da ya koru daga gare shi, kafin ya shiga tsarki da salla.

A lokacin akwai waɗansu ɗalibai da suka ɗauki ilmin tauhidi suka mai da shi bulala. Su kan tare manomi ko makiyayi su tambaye shi hujjojin siffofin Allah, in ya kasa kawowa yadda ya ke a littafi sai su ce shi ba Musulmi ba ne. Shehu ya rubuta littattafai masu yawa yana yi musu raddi. Ya nuna cewa imanin talaka ingantacce ne ko da bai iya jera hujjoji irin na malamai ba. Tsohuwar da ta tabbata a ranta Allah ba ya cutar kowa ta riƙe abin da a ke so, ko ba ta taɓa jin sunan Ash'ari ba.

Abin lura shi ne yadda mai koyar da ƙaddara ya yi da zaluncin zamaninsa. Wajen shekarar 1788, da babbar salla, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya roƙi abu biyar a maimakonta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya amince. An ce cikin waɗanda aka saki har da Abarshi, ɗan sarautar Zamfara. Daga baya, cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa ayyukan sarakuna da ya ƙi, ya kira su da sunayensu na Hausa, kamar jangali, da kuɗin gari, da gaisuwa, da kamuwa, watau kama dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki ba da izininsu ba, da gargaɗi, watau tilasta wa mutane fita yaƙi. Da Shehu ya fahimci cewa duk abin da aka ƙaddara an yarda da shi, da bai je Magami da roƙon nan ba, da bai kuma rubuta littafin ba. Ya san harajin Bawa bai fita daga ƙaddara ba, ya kuma san Bawa ne za a tambaya a kansa.

Tsuntsuwa da Sabon Gari da Alwasa

Koyarwa a lokacin zaman lafiya abu ne mai sauƙi, ranar wuya a ke gane wanda ya riƙe ta. Jama'ar Shehu sun yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, suka ci nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni. A ƙarshen shekarar nan kuwa Gobirawa da Buzaye suka auka musu a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, aka kashe musu wajen mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kamar 200. Ga mutane sun fito don addini, ga shi an karkashe mafi ilminsu. Ba a sami labarin cewa shugabanninsu sun tuhumi Ubangiji ba. Sun ƙirga matattun cikin shahidai, suka ɗauki abin jarrabawa.

A farkon 1805 yunwa ta kora su zuwa Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, inda Zamfarawa suka karɓe su hannu biyu, domin maƙiyinsu ɗaya ne. Amma rundunar da ba ta da abinci ba ta da kunya. Mayaƙa suka shiga kwasar hatsin masu masaukinsu, kafin shekara ta ƙare Zamfarawa da yawa sun juya musu baya. Bello bai ɓoye dalilin ba, ya rubuta cewa mutanensu ne suka zalunci Zamfarawa. Ga shi ɗan Shehu ne, ga shi cikin masu jan rundunar, yana da halin ya ce haka Allah ya so ya yi shiru, amma ya ɗora laifin inda ya ke.

Cikin shekarar nan dai, bayan sun koma Gwandu, runduna ta fita taryen abokan gaba. A hanya mayaƙa suka faɗa wa garin Kwalde, wanda ke zaman amana da jama'a, suka washe shi. Abdullahi da Bello suka hana, ba a saurare su ba. Ba a jima ba aka karya su a Alwasa, aka kashe musu wajen mutum 1,000. Abdullahi ya danganta wannan karyewa ga rashin ɗa'a da kwaɗayin ganima. Abin ya yi ta cin ransa har a 1807 ya bar runduna da nufin tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsai da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don koya wa masu mulki hukunci bisa adalci. Shehu kuma, cikin Bayanu Wujubil Hijra na 1806, ya gargaɗi mabiyansa cewa zalunci ya fi kafirci saurin rushe daula.

A wannan tsakani ne garuruwan arewacin Zamfara suka shiga tarihin jihadi. Fulanin Alibawa na wajen Zurmi suka tsaya tare da Shehu. A 1806 jaruminsu Namoda ya karya taron Gobirawa da Buzaye da Zamfarawa a Fafara, kusa da Zurmi. Yana cikin waɗanda suka kewaye Alƙalawa sa'ad da aka ci ta a watan Oktoba 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Wajen 1810 shi kansa ya faɗi a yaƙin Kiyawa. Sunansa ne Ƙaura ke ɗauke da shi har yau. Birnin da Babari ya gina a ƙasar masu masaukinsa bai cika shekara hamsin ba bayan faɗuwar Birnin Zamfara. Hausawa na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi ya kan bi.

Masifa iri biyu

Tarihin ƙasar ya nuna masifa iri biyu ce, malamai kuma ba su gama su a hukunci ɗaya ba. Akwai wadda ba hannun mutum a cikinta, kamar fari da fara da annoba. Akwai wadda mutum ya ƙulla da hannunsa.

Game da ta fari, a kan kawo labarin Annabi Musa da Halliru cikin Suratul Kahfi. Halliru ya huda jirgin waɗansu matalauta da suka ɗauke su kyauta, Annabi Musa ya ga wannan mugun sakayya ne. Daga baya ya ji cewa akwai wani sarki a gaba mai ƙwace kowane jirgi lafiyayye, hudar nan ce ta tsirar musu da abin sana'arsu. In annabi mai girma bai hango hikimar abin da aka yi a gabansa ba sai da aka gaya masa, balle sauran mutane. Amma haƙuri bai hana dabara ba. A shekarar 639 Halifa Umaru ya nufi Sham, ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya juya da jama'arsa. Da aka ce masa ko yana gudun ƙaddara ne, sai ya nuna musu cewa komawar ma cikin ƙaddara ta ke.

Sau da yawa kuma iri biyun su kan haɗu. Damina ta ƙi a 1913, aka yi babbar yunwa a ƙasar Hausa a 1914. Rashin ruwa ba laifin kowa ba ne. Amma gwamnatin Turawa ba ta yi tanadin hatsi ba, a wurare da yawa an ci gaba da karɓar haraji, masu rumbuna kuma waɗansunsu suka rufe suna jiran tsada. Wannan kashi na biyu yana da masu shi, kuma za su amsa tambaya a kansa.

Zamanin 'yan bindiga

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Daga wajen 2011 satar shanu da ramuwar gayya tsakanin makiyaya da 'yan sa-kai suka girma, har suka zama hare-haren 'yan bindiga a ƙauyuka da hanyoyi. Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda suna cikin wuraren da abin ya fi yi wa ɓarna. A watan Yuni 2021 an kashe mutum 53 a ƙauyukan Zurmi cikin hari guda, bisa ƙidayar 'yan sanda. A watan Satumba na shekarar aka yanke layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako na wani lokaci. An tilasta wa ƙauyuka biyan kuɗi kafin su yi noma ko girbi, abin da ya tuna wa masu karatun tarihi da lissafin Kitabul Farƙi.

Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019, ƙarƙashin M. D. Abubakar, tsohon shugaban 'yan sandan Nijeriya, ya bincika ya ɗora laifi a kan mutane, har da waɗansu masu sarauta da ma'aikata. Masu bincike sun ambaci cinye burtali da makiyaya, da hukuncin son zuciya, da kashe mutane ba shari'a, da shigowar bindigogi ta kan iyaka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin hannu ne wanda mai shi ya ɗaga da nufi, ba kaɗawar zazzaɓi ba.

Saboda haka wanda aka kashe wa ɗa, in aka ce masa ƙaddara ce, an faɗi gaskiya, kuma cikin gaskiyar nan akwai sanyi, domin ya san ajali ba ya gaba ba ya baya, ba kuma abin da ya ɓace wa Allah. Amma in wanda ya yi kisan, ko wanda ya sayar masa da harsashi, ko wanda aka ba amanar tsaro ya yi sakaci, ya ce ƙaddara ce don a bar maganar, to, ya ɗauko tsohuwar hujjar masu iko na zamanin Banu Umayya, wadda malaman sunna ba su karɓa ba, Shehu da Abdullahi da Bello kuma ba su karɓa ba ko a kan rundunarsu. Mai haƙuri yana da halin ya kai ƙara, ya ba da shaida, ya nemi haƙƙinsa, bai saɓa wa imaninsa da kome ba. Wanda bai sami haƙƙinsa a duniya ba kuwa, abin da ya ke dogara a kai shi ne amsar nan da malamai suka haɗu a kanta, cewa Mai hukunci na ƙarshe ba ya zalunci. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba ƙasar Zamfara lafiya, amin.